Bashin Atamfa a Kwari: Daga Littafin Shago Zuwa Gaban Alƙali

Bashi ne ke juya kasuwar Kantin Kwari a Kano. Manyan diloli su shigo da kaya su ba masu shaguna, masu shaguna su ba fatake, fatake su kai Maraɗi da Damagaram da Agadas, can ma su rarraba wa masu tebur da mata masu bi gida-gida. Kowa yana jiran na ƙasa da shi ya biya kafin shi ma ya sallami na sama. Da yawa daga cikin wannan ciniki ba shi da wata takarda sai littafin da yaron shago ke rubutawa. Lamarin da za a duba a nan irin wanda ya yi ta faruwa ne bayan rufe iyakar Nijar a 2023. Ba a ambaci sunan kowa ba, kuma an daidaita lambobin kuɗin don lissafi ya fito sarai. Mutum huɗu ne a ciki: Alhaji mai shago, farken da ya ɗauki kaya, dillalin da ya haɗa su tun farko, da yayan farken.

Yadda bashin ya taru

Farken mazaunin Kano ne, ya daɗe yana ɗaukar kaya a shagon Alhaji yana kaiwa Maraɗi ta Jibiya. Tsarinsu shi ne wanda kowa ya sani: idan ya zo ɗaukar sabon kaya sai ya biya na baya, ko mafi yawansa. Irin wannan ciniki ba ya rabuwa da ragowa. A farkon Yulin 2023 ya ɗauki atamfa da shadda na naira 4,800,000, a kan ragowar naira 700,000 da ake bin sa tun baya. Jimla naira 5,500,000, da alkawarin biya nan da mako biyar. Ɗan Alhaji ne ya rubuta a littafi. Farken bai sa hannu ba, ba a kuma ce ya sa ba. Dillalin yana tsaye aka loda kayan, ya ji kuɗinsu da kunnensa, amma bai san komai ba game da ragowar baya.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai a Maris na 2024. Kayan farken sun riga sun tsallaka, ya raba su bashi ga abokan cinikinsa. Da wa'adi ya cika ya kira Alhaji ya ce hanya a rufe take, kuɗi sun maƙale a can. Gaskiya ya faɗa, kuma Alhaji ya yi abin da ya dace, ya ce masa ya bari har Allah ya kawo sauƙi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara abin da ta ce ke nan: wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu yalwa.

Matsalar ita ce an yi jinkirin ba tare da an sa masa rana ba, ba a kuma ce masa ya rubuta abin da ake bin sa ba. A ganina nan ne Alhaji ya yi asarar da ta fi kowace girma, tun kafin a je ko'ina. A watan Agusta farken yana ɗaga waya, yana jin kunya, yana neman alfarma. Da an ce masa ya zo shago a rubuta naira 5,500,000 ya sa hannu a gaban mutum biyu, da zai sa da murna, domin shi ke neman a yi masa haƙuri. Mutanenmu suna ganin neman sa hannu kamar zargi ne, har a ji mutum yana cewa, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan wannan ta sauka, kuma da muminai take magana, ba da mayaudara ba. Ta ce a rubuta, ta ce wanda ake bi shi ne zai yi shifta, ta ce a kafa shaidu, ta ce kada a ƙosa da rubutawa ko kaɗan ne ko mai yawa.

Lokacin da uzuri ya zama taurin bashi

A Oktoba farken ya turo naira 500,000 ta banki. Saura naira 5,000,000. Daga nan sai magana ta koma "sati mai zuwa in Allah ya yarda", daga baya wayar ma ta daina shiga. A Disamba labari ya iso wa Alhaji cewa an ga farken a wani layi na kasuwar yana sayen kaya kuɗi hannu, an kuma ce ya sayi fili.

Akwai wani lissafi a nan da ba kowa ke lura da shi ba. Farken da naira ake bin sa, amma da sefa ake biyan sa. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, sefa hawa take yi a hannun 'yan canji na Wapa. Naira kuwa ta sha ƙasa a wannan tsakanin: dala tana wajen naira 770 a Yulin 2023, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ma'ana duk watan da farken ya ƙara bai biya ba, sefar da zai canza don ya haɗa naira miliyan biyar raguwa take yi. Shi jinkiri riba yake ja masa. Alhaji kuwa, wanda dilolinsa ke sa farashi da dala, duk wata jarinsa ƙanƙancewa yake. Rufe iyaka uzuri ne na gaskiya a watan Agusta. A Disamba, bayan kuɗi sun fara shigo masa ta hannun 'yan canji, ya tashi daga uzuri. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce jan kafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Duk wanda zai shiga tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi, abu na farko da zai tantance shi ne wannan: babu ce ta hana, ko akwai ce aka ƙi bayarwa? Maganin kowanne daban.

Kwana biyu a bayan kanta

Ran Alhaji ya ɓaci, kuma yana da dalili. Wani ya ba shi shawara ya kai maganar wurin 'yan sanda, domin a cewarsa kotu tana da jan lokaci. A ƙarshen Janairun 2024 aka rubuta takardar koke, aka kira abin cin amana da zamba. Aka kama farken a gidansa a gaban iyalinsa, ya kwana biyu a tsare, ya sa hannu a wata takarda cewa zai biya cikin mako biyu, sannan yayansa ya yi belinsa.

Wannan hanya ba ta kan doka. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki ko wata rigimar da ba ta laifi ba, haka ma sashe na 8(2) na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015. Kotun Ƙoli ta maimaita wannan ba sau ɗaya ba. A shari'ar Diamond Bank da Opara a 2018 ta ce hukumar EFCC ba wakiliyar karɓo bashi ba ce. Shi ya sa masu rubuta koke suke kauce wa kalmar bashi su rubuta cin amana, don abin ya shiga ƙarƙashin sashe na 311 da 312 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, ko zamba a sashe na 320. Amma sunan da aka sa wa abu ba ya canza shi. Da a ce Alhaji ya ba farken kayan ne ya sayar masa ya kawo kuɗi a ba shi lada, to kayan na Alhaji ne har yanzu, kuma cinye kuɗinsu zai iya zama cin amana. Nan kuwa sayar masa aka yi. Tun daga ranar da aka loda, atamfar ta zama tasa, abin da ya rage a wuyansa bashi ne. Zamba kuma sai an nuna cewa tun ranar ɗaukar kayan da niyyar yaudara ya zo, mutumin da ya shekara da shekaru yana biya, har ya turo 500,000 a Oktoba. Inda bashi ke iya zama laifi kai tsaye shi ne idan mutum ya ba da cek aka kai banki cikin wata uku aka tarar ba kuɗi; dokar 1977 ta sa wa wannan ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. A wannan lamari ba cek.

Abin da ya biyo baya ya fi kamun muni. Dangin farken suka ɗauki lauya, lauyan ya rubuto wa Alhaji cewa za su shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, ya kuma ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Kotuna sukan haɗa wanda ya ingiza 'yan sanda a cikin biyan diyyar. Mai bin miliyan biyar ya wayi gari shi ake shirin kai wa ƙara.

Takardar da aka sa wa hannu a ofishin 'yan sanda ma ba ta da ƙarfin da Alhaji ya zata. Lauya zai ce a tsare aka sa shi, alƙalin Shari'a kuma ya san iƙrarin wanda aka tilasta ba ya inganta. Sannan kunyar da ke riƙe da farken ta tafi. Mutumin da a da yake cewa a yi masa haƙuri, yanzu ya ce shi bai san wata ragowar 700,000 ba, ya biya ta tun kafin Babbar Sallah, kuma a cikin shaddar akwai bandir-bandir da ruwa ya taɓa. A bakinsa bashin ya dawo naira 3,800,000.

Abin da Alhaji zai iya tabbatarwa

Sai a wannan gaɓar Alhaji ya zauna da wanda ya san shari'a, aka baje abin da ke hannunsa.

A kotun Shari'ar Musulunci, inda ake hukunci da mazhabar Malikiyya da littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Littafin shago rubutun ɗan Alhaji ne, kuma Risala ta faɗa ƙarara cewa ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa. Saura dillali. Malikiyya sun yarda a yi hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara a sha'anin dukiya, don haka naira 4,800,000 na sabon kaya za su iya tabbata idan alƙali ya gamsu da adalcin dillalin, kuma ba a nuna yana da wani amfani da zai jawo wa kansa ba. Ragowar 700,000 kuwa ba mai shaida a kanta. Idan farken ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse ya biya, ta tafi ke nan a hukuncin duniya.

Ɗaya hanyar ita ce kotun ƙananan basussuka da ke ƙarƙashin majistare, wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya a 2019. An tsara ta don a gama shari'a cikin kwana sittin, mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya, amma sai ya fara aika wa wanda yake bi takardar neman biya, kuma tana da iyakar adadin kuɗin da take saurara. A nan abin da zai taimaki Alhaji shi ne wayarsa. Akwai saƙonnin murya na WhatsApp daga Agusta zuwa Nuwamba, a ɗaya daga ciki farken ya ce da bakinsa, bayan ya turo kuɗin Oktoba, "saura biyar, Alhaji." Akwai takardar banki mai nuna shigowar 500,000. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da irin wannan hujja idan an cika sharuɗɗanta, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro ta. Allah ya taimaki Alhaji bai canza waya ba, bai kuma goge hirar ba lokacin da ransa ya ɓaci. 'Yan kasuwa da yawa a nan suke yi wa kansu illa.

An kuma tunatar da shi abu biyu. Bashi yana da wa'adin kai ƙara a kotunan boko, shekara shida a wasu jihohi, biyar a wasu, kodayake biyan wani ɓangare ko amincewa a rubuce yana sabunta lissafin. Na biyu, samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Bayan alƙali ya yanke, sai an sake neman umarnin riƙe kuɗin mutum a banki, ko a kama kadararsa a yi gwanjo, kuma mai sefa a Maraɗi ba lallai a tarar da komai a asusunsa na Kano ba.

Zaman sulhu

Yayan farken ne ya buɗe ƙofa. Shi ya fi kowa sanin cewa idan sunan ƙaninsa ya ɓaci a Kwari, ba mai sake ba shi ko turmi ɗaya bashi, kuma farke ba ya rayuwa da kuɗi hannu kaɗai. Ya samu dillalin, dillalin ya samu dattawan layin, aka sa rana bayan Ƙaramar Sallah ta 2024. A Kano wuraren yin irin wannan zama suna da yawa: shugabannin kasuwa, Hukumar Hisbah da aka kafa da doka a 2003, da zauren sasanci na Babbar Kotu da ke aiki tun 2009. Su a ofishin ƙungiyar layinsu suka zauna.

Aka fara da abin da ya fi zafi, wato kamun. Dattawa suka gaya wa Alhaji gaskiya cewa bai kyauta ba, ya karɓa. Sannan aka kunna saƙon nan na "saura biyar". Farken ya yi shiru. Yayansa ya ce, "Alhaji, mu ne da laifi, a yi mana sassauci." Wani malami a cikin dattawan ya kawo ƙissar Ka'abu bin Malik da Ibn Abi Hadrad, wadda ke cikin Bukhari: muryoyinsu sun ɗaga a masallaci a kan bashi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Malamin ya ja hankali a kan rabin ƙissar na biyu, wanda masu cin bashi ba su cika son ji ba: sassauci yana tafiya ne da biya nan take.

Abin da aka tsayar shi ne Alhaji ya yafe naira 400,000 saboda maganar shaddar da ruwa ya taɓa da kuma kamun da aka yi. Bashin ya tsaya a naira 4,600,000. Za a biya 1,600,000 cikin mako guda, sauran 3,000,000 kuma a wata shida, 500,000 duk ƙarshen wata. Yayan ya tsaya wa ƙaninsa, wato idan wata ya wuce ba a biya ba shi za a bi. Aka ajiye takardun filin nan a matsayin jingina a hannun shugaban layin, ba a hannun Alhaji ba, don kada a sake samun wata rigimar. Farken ya janye maganar ƙarar tauye haƙƙi. Aka rubuta duka da Hausa, kowa ya sa hannu, shaidu biyu da ba dangin kowa ba suka sa nasu.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda sau da yawa ake tsallakewa. Suka ɗauki takardar zuwa kotun Shari'a, farken ya yi iƙrari a gaban alƙali, aka mayar da sulhun hukuncin kotu. Bambancin yana da girma. Takardar dattawa idan aka saɓa mata sai an shigar da sabuwar ƙara an faro daga tushe. Sulhun da alƙali ya tabbatar kuwa, zartarwa kawai za a nema.

Abin da aka karɓa da abin da ya tafi

An biya kashin farko a kan lokaci, haka wata huɗu na farko. Na biyar ya yi lattin mako uku. Na shida yayan ne ya biya daga aljihunsa bayan shugaban layin ya kira shi. Kafin ƙarshen 2024 an rufe littafin, an mayar da takardun fili.

A lissafin lambobi Alhaji ya karɓi naira 5,100,000 daga cikin 5,500,000, idan an haɗa da kuɗin Oktoba. A lissafin kaya kuwa abin ya fi haka ciwo. Mafi yawan kuɗin sun shigo ne lokacin da dala ta ninka abin da take a ranar da aka loda atamfar, don haka abin da ya dawo hannunsa bai fi ya sayi kusan rabin kayan da ya bayar ba. Ban da abin da ya kashe a zirga-zirgar ofishin 'yan sanda da kuɗin lauyan da ya amsa wasiƙar barazana.

Wani daga cikin 'ya'yan Alhaji ya tambaya a zaman sulhun ko ba za a ƙara wani abu ba saboda faɗuwar naira. Malamin ya ce a'a. Bashin naira da naira ake biyan sa, adadi da adadi, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988. Ƙari saboda jinkiri shi ne ribar da aka haramta. Kotun majistare tana iya ɗora kuɗin ruwa a kan kuɗin hukunci, amma Alhaji ya ce ba zai ci ba. Na ga ƙarfin wannan matsayi, na kuma ga nauyin da yake ɗora wa mai kaya: tunda ba zai karɓi ƙari ba, ba shi da wata garkuwa daga faɗuwar kuɗi sai gajeren wa'adi da saurin tashi tsaye. Wata ukun da suka wuce tsakanin kuɗin Oktoba da kamun Janairu, ana jiran waya, da wata ukun da kamun ya ƙara jawowa kafin a zauna, su ne daidai lokacin da naira ta fi zubewa.

Yanzu a shagon akwai rasit mai kwafi biyu. Duk wanda zai ɗauki kaya bashi sai an rubuta adadi da ragowar baya da ranar biya, ya sa hannu ko ya dangwala, a ɗauki hoton takardar a tura masa ta waya. Wanda kayansa suka haura miliyan biyu sai ya kawo mai tsaya masa. Abokan ciniki biyu sun ji haushi sun koma wani shago. Farken yana zuwa har yanzu, yana saye kuɗi hannu, kuma Alhaji ya ce sai ya ga shekara guda a haka kafin ya sake buɗe masa shafi.